Ka Gwada Musu Ita da Azahar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Bukar, a Gure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da innarka da ƙannenka da duk mai kwana a gidan. Allah ya tsare ku da tsarewarsa, ya kare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum. Ni ma a nan Sabha lafiya nake, sai gwiwa, ita kuwa mun daɗe da sabawa da juna.

Na saurari saƙon muryarka ya fi a ƙirga. Ban amsa ta waya ba saboda na san halina. In na fara magana sai in ɗaga murya, kai kuma ka yi shiru, kati ya ƙare ba mu ƙulla komai ba. Shi ya sa na nemi takarda da biro na zauna. Wani direba ɗan Kelle zai sauko gida, shi zai kawo maka.

Bari in maimaita abin da na fahimta, in na yi kuskure ka gyara mini. Kawunka Musa ya kira ka Agadas, ku haɗa kuɗi ku sayi kat-kat, wato mota mai jan tayoyi huɗu, ta ɗaukar kaya, kai kana tuƙi, shi yana riƙe da kanti. Kafin ka sami naka kason sai an sayar da motata, wadda kake tuƙawa tun da na baro gida. Masu saye biyu ne. Akwai mutanen wani ƙauye na wajen Alakos, ƙanen Bulamansu, wato mai garinsu, a gaba, sun yi karo-karo suna neman motar da za ta kai su kasuwa, ta kuma kawo maras lafiya likita a Gure. Akwai kuma Alhajin Damagaram da Gaji dillali ya kawo, shi yana so ya sa ta hanyar Dirku tana ɗaukar mutane masu ƙetara hamada, kuma tayinsa ya fi na mutanen Alakos nesa ba kusa ba. Sai ka rufe da cewa, "Aba, in Alhaji ya saya, kasona ya cika, ragowar kuma ta isa ka bar aikin nan ka dawo gida."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni amsawa da wuri. Ina son dawowa, Bukar, ba zan ɓoye maka ba. Na gaji da yi wa samari facin taya, yaran da na haifi sa'anninsu, suna kirana da yatsa. Na gaji da burodi safe da yamma. Ina so in zauna a kwarinmu ƙarƙashin dabino, in ji maƙwabta suna rigima kan ruwan lambu rabi da Hausa rabi da Barbarci. Amma in yi adalci, mai garejin nan bai taɓa riƙe mini haƙƙina ba, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni shi da kansa ya kai ni likita.

Ka tambaye ni abu biyu: wa za a sayar wa, kuma wace iri za ku saya kai da kawunka. Ba ni da wani karatu da zan ba ka sai kurakuraina. Su kam ina da su da yawa, na riga na biya su, kai sai ka karɓa kyauta.

Motata ta farko ba ka san ta ba, kana goye a lokacin. Na gama aparanti, wato koyon aikin mota, a wurin marigayi Baba Lawan, na yi tuƙi a ƙarƙashin mutane har na tara ɗan abin da na tara, innarka ta sayar da awakinta ta cika mini. Sai wani mutum da ake kira Tanimu ya kawo wata farar bashe, wato mota mai buɗaɗɗen baya, daga Damagaram, wajen ƙarshen damina. Ta sha fenti, kujerunta sababbi, in ka buɗe ƙofa har ƙamshi take. Na ce masa mu haɗu da safe a tudun nan na hanyar Bune inda direbobi ke gwada mota. Ranar an kwana ana yayyafi, rairayi ya kwanta ya yi tauri kamar daɓe. Daga ni sai shi a ciki, baya ko buhu ɗaya babu. Ta haye tudun kamar ana jan ta da igiya daga sama. Ko karabo ban saka ba, wato ban haɗa tayoyin gaba na ga ko suna ja ba, don ban ga dalili ba. Ina saukowa na ce na saya, ya ce ya sallama.

Na kai wa Baba Lawan ya sa albarka. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Ari, yaushe ka gwada ta?" Na ce da hantsi. Ya ce, "Da hantsi, bayan ruwa? Ai ko amalanken jakina ya hau tudun nan a wannan lokacin." Na yi dariyar yaƙe. A raina na ce tsoho ne kawai ba ya son ya ga yaronsa da mota.

Ta yi mini aiki har kaka ta wuce. Da bazara ta shigo, wata ranar kasuwar Bune na cika ta da mutane da kaya, mata da tabarmi, buhunan goriba, wata tsohuwa da ƙwaryar man shanu a cinya. Muka makara da tashi, azahar ta same mu a tsakiyar tuddai. Ka san rairayin azahar na bazara, ya bushe ya saki jiki kamar gari. Tayoyin baya suka fara tono. Na ja karabo, shiru, tayoyin gaba ko motsi. Ashe abin a mace yake tun kafin ta zo hannuna. Na matsa mata, ruwanta ya tafasa. Na ce kowa ya sauka.

Tsohuwar nan ta leƙo tagar gaba ta ce, "Direba, kuɗin hawa muka biya ko kuɗin turi?" Wata daga baya ta ce, "Ƙyale shi, Iya, motar amarya ce, ba ta fita rana." Aka yi ta dariya, har da ni. Dariyar ba ta daɗe ba. Man tsohuwa ya narke ya bi rairayi, kasuwa ta watse ba mu je ba, ruwan sha ya ƙare, kuma akwai mai jego a cikinmu da ta taka har rijiya da jariri a baya, ƙafarta ta yi bororo. Allah ya rufa asiri ba wanda ya rasa ransa. Tun daga ranar, daga Gure har Bune sunan motar Amarya, sunana kuma mijin Amarya.

Na bi Tanimu har Damagaram da faɗa a bakina. Ya bari na gama, ya ce, "Malam Ari, na ce maka karabo yana aiki? Ka tambaye ni? Kai ka ce mu haɗu da safe." Na daɗe ina riƙe da mutumin nan a zuciya, yau ma in na tuna fuskarsa ba na jin daɗi. Amma bakinsa bai yi mini ƙarya ba. Shiru ya yi, ya bar safiya ta yi masa ƙaryar.

To ka riƙe wannan. Duk motar da kuka gani a Agadas, komai kyanta, kada ka yarda a gwada ta da sanyin safiya. Ka ce sai an sauko daga azahar. A ɗora mata kaya irin wanda za ta riƙa ɗauka, ka rage iskar tayoyi da hannunka, ka nemi tudu mafi laushi, ka tsaya cak a tsakiyarsa, sannan ka tashe ta daga nan. Ka sa kawunka ya tsaya a waje ya ga tayoyin gaba suna juyawa da idonsa. In mai mota ya ce yana sauri, rana ta yi zafi, ku bari sai gobe da safe, ka yi masa godiya ka tafi.

Sai maganar wace iri. A nan ma na yi wauta, kuma wannan karon ba wanda zan ɗora wa. Bayan na rabu da Amarya na farfaɗo, wasu masu aikin agaji suka rufe ofishinsu suka yi gwanjon motocinsu. A ciki akwai babbar nan mai rufi, mai baƙin gilashi, mai sanyi a ciki, wadda ke canja gudu da kanta. Ba aikina ya kai ni gare ta ba. So nake mutanen tasha su ga mijin Amarya yana saukowa daga irin motar da manya ke hawa. Ba zan zage ta ba, mota ce ta gaske. Tana taka rairayi kana zaune kamar a kan katifa, kuma na ci abinci da ita wajen ɗaukar amare da baƙin gwamnati. Amma cikinta duk waya ne da ƙwaƙwalwa, kuma ba ta shan gazuwal, wato man dizal, na gefen hanya, wanda ake tsiyayowa daga duro da ƙura da ruwa a ciki. Wata rana a arewacin Taskar wata ƴar fitila ta kunnu a gabana, motar ta ƙi wuce tafiyar raƙumi, daga baya ta ƙi tashi gaba ɗaya. Makanikai uku na kawo daga Gure. Kowa ya buɗe gaba, ya leƙa, ya ce "ikon Allah," ya rufe. Wai sai an jona ta da na'ura, na'urar kuwa tana Damagaram, kayan gyaran suna Kano. Ta zauna a gindin wata aduwa har akuyar masu wata ruga da ke kusa ta haihu a ƙarƙashinta. Makiyayin ya ce mini, "In ba ka so, bar mana ita, inuwarta ta fi ta bukka."

Don haka tambayar farko da za ku yi, kai da kawunka, ita ce: a ƙauyen ƙarshe na hanyar da za ku riƙa bi, wa zai iya gyara ta, kuma kayanta suna kasuwar can? In amsar babu, ku wuce, ko da kyauta aka ba ku.

Za a nuna muku dubul-kabin, mai kujeru gaba da baya da ɗan wajen kaya. Tana da sauƙin sha, ba ta da nauyi, a kan gudro, wato titin kwalta, ba ta da na biyu, kuma a rairayi shimfiɗaɗɗe tana tafiya lafiya. In katan-katan ɗin shayi da taliya kawai za ku riƙa kaiwa, ta isa. Amma na san kawunka. Musa bai taɓa ganin wuri a bayan mota ya bar shi fili ba. Zai ce a ƙara duro biyu na ruwa, a ƙara siminti, a ƙara wani ɗan uwan matarsa. Irin wannan motar in aka matsa mata kaya tana lanƙwashewa ne daidai tsakanin gida da baya, na ga guda nawa a garejin nan sun zo kamar an taka musu ƙugu.

Za a kuma nuna muku bashe mai esansi, wato fetur. Wannan ita ce za ta sace maka zuciya, na sani, don ni ma a shekarunka da ita zan zaɓa. Tana da sauri, tana hawa tudu kamar barewa, kukanta ma daɗi. Sai dai tana sha kamar ba gobe, kuma saurin nan nata kowa yana so. Ɓarayin daji ita suke nema, soja kuma in ya hango ta daga nesa sai ya gyara riƙon bindiga kafin ya tambayi ko wane ne. Ba na so ɗana ya kasance a cikin motar da kowa ke juyowa ya kalla a daji.

In shawarata kuke nema, ku sayi bashe mai gazuwal, mai silinda shida, tsohon yayi, irin tawa. Ba ta da sauri, tana da ƙara, ba sanyi a ciki, in ka yini a kanta ƙugunka zai gaya maka. Amma tana shan abin da aka ba ta, tana ɗaukar abin da aka ɗora mata, kuma kusan duk cutarta ana maganinta da guduma da waya da ɗan haƙuri. Kawunka zai ce ba ta da kyan gani. Ka ce masa ba hoto za ku ɗauka ba. Kada ka duba lambar tafiyar da ke gaban direba, wannan yaro ma yana iya mayar da ita baya. Ka duba yadda takalmi ya cinye abin taka birki, ka duba kan kusoshi ko an sha kwance su, sannan ka shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashi. Abin da mota take ɓoyewa yana can.

Wannan ya kawo ni ga motarmu, da kuskuren da ya fi shafar ka.

Ka tuna shekarun da nake jigilar kanwa daga kwaruruka zuwa Gure. Aikin yana da ciniki, babu masu gardamar kuɗin mota, buhu ba ya cewa a tsaya ya yi fitsari. Sau da yawa kanwar da danshinta muke lodawa, ruwanta yana ɗiga ta tsagar katakon baya. Innarka ta sha gaya mini, "Malam, abin nan da ke cin gindin tukunya, ƙarfen motarka ne zai ƙyale?" Ni kuwa in na dawo a gajiye sai in wanke sama inda ido ke gani, in bar ƙasa. Ganga ɗaya ta ruwa da tsumma kowane dawowa, shi ke nan abin da ake bukata, na ƙi. Kanwa ta yi ta ci a hankali har shasi ya tsage, wato ƙashin bayan motar, a gefen hagu daidai inda ƙarafan tayar baya suke kamawa.

Kai ka san akwai sudur, wato walda, a wurin, amma ba ka nan ranar da aka yi ta. Mele mai sudur ya kankare wurin, ya ƙwanƙwasa da guduma, tsatsa ta zubo masa a fuska. Ya ɗora ƙarfe ciki da waje ya ɗinke, aiki mai kyau, Allah ya saka masa. Da ya fito yana goge ido ya ce, "Ari, ka ji ni da kyau. Gure zuwa Bune, Gure zuwa Kelle, Alakos, da kaya daidai da hankali, za ta kai ka har ka tsufa. Amma ranar da ka loda mata mutum talatin da jarkoki ka nufi hamadar Tenere, kada ka ce ni na yi maka sudur." Shekarun nan duka maganarsa ta tabbata, ba ta taɓa ba mu kunya a ƙasarmu ba.

A saƙonka ka ce Gaji ya ba ka shawara a fesa wa ƙarƙashinta baƙin mai da kwalta kafin Alhaji ya dawo, wai haka kowa yake yi. Ka faɗe ta da sauri ka wuce, na ji muryarka, kai ma ba ta kwanta maka ba. Ban ga laifin Gaji sosai ba. Dillali ne, la'adarsa tana girma da girman ciniki, yana da iyali. Amma kada ka bari ko ɗigo ɗaya ya taɓa wurin. Mafi kyau, ka sa a wanke shi tas, sudur ɗin ta fito fili.

Ni ta hanyar Dirkun nan na zo, Bukar. Ban taɓa ba ku labarinta ba, yanzu ma kaɗan zan faɗa. A bayan bashe muka zauna, ƙafafu a waje, kowa rungume da sandar da aka kafa masa tsakanin cinyoyi don kada barci ya yar da shi. Direba ba ya rage gudu, don in ya rage ya nutse. Motar tana tashi sama tana faɗowa da nauyinmu duka, yini guda, gobe ma haka. Ni da na san ƙarfe, ina jin kowane bugu a haƙorana. A wani wuri muka wuce wata mota irin tamu, bayanta ya karye, gaba ya kalli sama. Jarkoki a warwatse, takalma, wani ɗankwali ɗaure a jikin madubi. Ba kowa a wurin. Muka wuce, ni ban tambaya ba.

To ga yadda nake so ka yi. Ka kira su duka biyun rana ɗaya, Alhaji da ƙanen Bulama, kada wani ya ce an yi bayansa. Ku yi azahar tare, sannan ku nufi tudun hanyar Bune. Ka ari buhunan hatsi a tasha ka loda mata. Ka ba su makulli su tuƙa da kansu ko direbansu. Ba na jin tsoron wannan gwajin, injinta lafiya yake, karabonta yana kamawa, za ta hau. In kun sauko, ka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, ka ce su shiga. Alhaji zai ce rigarsa, ka ce ga tabarma. Ka kama yatsan kowannensu ka ɗora a kan sudur ɗin, ka gaya musu kanwa ce ta ci, ka maimaita musu maganar Mele yadda na rubuta maka ita. Gaji zai yi ta tari yana taka maka ƙafa. Ka bar shi ya yi.

Mai yiwuwa Alhaji ya fito ya kakkaɓe riga ya ce, "Na gani, na yarda, a rage mini kaɗan in ɗauka." A nan nake so ka natsu, don a nan ne za ka ji kamar ka fita haƙƙi. Ka tambaye shi wace hanya za ta bi. In ya ce cikin gari ko ƙauyukan Damagaram, kuma ka yarda da shi, wannan wata magana ce. In har yanzu Dirku ce, ka ba shi haƙuri. Shi ya gani, amma ba shi zai hau ba. Waɗanda za su zauna a bayanta da sanda tsakanin cinyoyi ba wanda zai shimfiɗa musu tabarma ya nuna musu. Ba na cewa Alhaji mugun mutum ne, ban san shi ba, wataƙila ya fi ni tsoron Allah. Amma motar tawa ce, ni na bar kanwa ta ci ta, kuma ba zan aika ta can ba.

Ka sayar wa mutanen Alakos. Kada ka rage musu don tausayi, kada kuma ka ƙara don haushin abin da ya wuce ka, abin da suka taya in ya yi daidai da mota mai sudur ka ce ka sallama a gaban shaidu. Kafin ka ba da makulli ku je a juya takardunta zuwa sunansu, kada a ce sai wani mako. Ka ba Gaji la'adarsa cikakkiya ko da yana fushi, ya yi zirga-zirga. Sannan ka ɗauki yini ɗaya ka bi direbansu har ƙauyen. Ka nuna masa yadda take so a tashe ta da sanyi, da inda take ɗan yoyon mai, ka gaya masa ya rage iska tun kafin ya shiga rairayi, kada ya bari sai ya nutse. Kuma ka ce masa ni Ari na ce kanwa ko ta miya ce a sa ta cikin leda.

Kuɗin duka naka ne, ka kai wa kawunka. Na san ba za su cika kason ba. Ka gaya masa gaskiya, ragowar ni zan riƙa aikowa daga nan har ta cika. Ku yi maganar rabon riba da ta gyara tun ranar farko, a gaban mutum biyu da ba danginmu ba. Musa mutumin kirki ne, amma ɗan uwan innarka ne, in kuka saɓa ita za ta rasa barci.

Ma'anar wannan ita ce zan ƙara wata shekarar a nan, wataƙila da ɗori. Na auna abin, na juya shi ta kowane gefe, na tarar zuciyata ta fi kwanciya a haka. Kada ka ɗauka ka tauye ni. Hannuna yana aiki, akwai wani tsoho ɗan Maine da muke shan shayi tare bayan la'asar muna gulmar mutanen gida, na ma shuka na'ana'a a cikin tsohuwar taya ta kama. Ina da ɗan da ya riƙe mota shekaru bai kayar da ita ba, bai kuma ɓoye mini maganar baƙin mai ba alhali yana iyawa. Mutane da yawa a garin nan ba su da wannan. Alhamdulillahi.

In ka shiga daji kada ka taɓa tashi da ruwan da ya yi daidai, ka ɗauki wanda ya yi yawa. In mota ta tsaya kada ka bar ta ka kama tafiya, mota ake hangowa, ba a hango mutum. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana ƙarƙashin inji. Ka riƙa kiran innarka, ko ba ka da abin faɗa.

Ita kuwa, kada ka gaya mata maganar ƙarin shekarar nan. Ta riga ta fara gyaran ɗakina, ƙanwarka ta tsegunta mini. Ka ce ta caja wayarta ranar Juma'a bayan an sauko, ni zan gaya mata da bakina, faɗan kuma ni zan sha.

Allah ya kai ka Agadas lafiya, ya sa ka shiga da ƙafar dama. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da mugun abokin tafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare duk wanda zai hau motar da kake tuƙi, ya tsare mutanen Alakos a kan tamu. Allah ya yi maka albarka, ya sa mu gana da alheri. Ka gaida innarka, ka gaida ƙannenka, ka gaida Mele mai sudur.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ari